Ɗakin DOTS na unguwarmu: bayani mai kyau, amma a bainar jama'a

Idan aka samu mai tarin TB a gidanku, ma'aikatan lafiya suka ce kowa ya zo a duba shi, ku je. Ni da yara mun je ɗakin DOTS, wato sashen da ake duba masu tarin TB ana ba su magani, na asibitin sha-ka-tafi da ke unguwarmu a Kano bayan gwaji ya nuna maigida na ɗauke da cutar. Bayanin da aka yi mana ya gamsar da ni, wurin da aka zaunar da mu kuwa sai a hankali.

Ba a miƙo mana magani daga zuwa ba. Sai da aka bi mu ɗaya bayan ɗaya da tambaya: tari, zazzaɓi, zufar dare, rama. Babban ɗana yana ɗan tari a lokacin, aka karɓi kakinsa aka kai gwajin GeneXpert, ya fito ba komai. Malamar wurin ta ce dole a fara da haka, domin maganin rigakafi da ake ba mutanen gidan mai cutar ba ya warkar da wanda cutar ta riga ta tashi masa. Shi sai cikakken magani na wata 6, irin wanda maigida ke sha.

Na tambaye ta abin da ke cina a rai: “Malama, lafiyata ƙalau, shan maganin na mene ne?” Nan ta burge ni. Ta ce ƙwayar cutar kan shiga jiki ta kwanta shekaru kamar garwashi a ƙarƙashin toka, ba tari, ba ta kuma yaɗuwa, sai ranar da jiki ya yi rauni saboda ciwon suga, ko rashin abinci, ko cuta mai karya garkuwar jiki. Cikin mutum 100 da ta kwanta a jikinsu, 5 zuwa 10 ne take tasar wa, amma yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun fi shiga haɗari, har takan hau musu ƙwaƙwalwa. Jin haka na dubi autana, gardama ta ƙare.

Ni da manyan yaran aka ɗora mu kan maganin rigakafin da suke kira 3HP: sau ɗaya a mako, har mako 12. Auta bai kai shekara 2 ba, shi aka auna nauyinsa aka ba shi mai narkewa a ruwa, kullum har wata 3. Ta ce mu zaɓi ranar da ba za mu manta ba, mu sha bayan cin abinci. Muka ɗauki Juma'a bayan tuwon dare. Sannan ta yi mana gargaɗin da ya fi komai amfani, cewa fitsari zai koma ja-ja, har hawaye da gumi, kuma ba jini ba ne, launin maganin ne. Wallahi da ba ta faɗa ba, da safiyar Asabar ɗin farko zan watsa shi a masai. Abin da ta ce a tsaya a dawo da sauri shi ne ido ya yi ɗorawa irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje su feso. Ta kuma hana mu haɗa shi da jiƙe-jiƙe, don kada a wahalar da hanta. Ni dai kasala da ciwon kai nake yi washegari, su wuce.

Inda suka gaza shi ne sirri. Teburin malamar a baranda yake, benci cike da mutane, ga surukata zaune kusa da ni. Cikin wannan hali ta ɗaga murya: “Maman yara, kina da ciki? Kina tazarar haihuwa?” Tambayar tana kan hanya, domin ba a ba mai ciki 3HP, kuma maganin yana rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar da ake sawa a hannu. Amma wace mace ce za ta amsa wannan a gaban uwar mijinta? Na yi shiru, sai daga baya na koma ni kaɗai muka yi maganar. Wata ba za ta koma ba, sai dai ta tsinci kanta da cikin da ba ta shirya ba. Labule ɗaya da kujera biyu sun isa su gyara wannan.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Bitamin B6 da ake haɗawa don kada ƙafa ta riƙa yin kamar ana tsira mata allura ya ƙare musu, sai a kemis na saya, takardar bayanin da suka ba mu kuma da Turanci take. Gwaji da magani kuwa ba wanda ya nemi sisinmu, kuma malamar ta riƙa bugo waya tana tambayar auta.

Ku sammaka, don kafin azahar benci ya cika. Wadda ke da maganar da ba ta son a ji, ta nemi a keɓe da ita tun daga farko. Wanda bai san ɗakin DOTS mafi kusa da shi ba, ya kira 3340, kyauta ne.