Sharhi kan takunkumi da leƙen asiri a wasan Europa Universalis IV

Wasan kwamfuta na Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013, yana damƙa wa mutum ragamar mulkin ƙasa guda daga 1444 zuwa 1821, kuma bayan na daɗe ina buga shi, ra'ayina shi ne karya tattalin arzikin abokin gaba ya fi gwabzawa a fagen daga armashi.

Dukiya a wasan tana kwarara daga wata cibiyar kasuwanci zuwa wata, har ta tuƙe a wurare uku, wato Mashigin Ingila da biranen Jenowa da Benis na Italiya, saboda haka duk wanda ya tare hanya a tsakiya ya riƙe maƙogwaron na gaba. Da na ɗauki Ingila, na ƙaƙaba wa Faransa takunkumi, sannan na tura ƙananan jiragen ruwa su yi fashi a tekun Karebiyan, inda suka riƙa wawure wani kaso na dukiyar da Sifaniya ke kwasowa daga ƙasashen da ta mallaka, ba tare da na shelanta yaƙi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne takunkumin ba kyauta ba ne, domin idan ka sa wa ƙasar da ba ka ayyana a matsayin abokiyar hamayya ba, ribar fatakenka ma sai ta ragu.

Leƙen asirin kuwa bai kai haka ba. Jakada kawai za ka tura, ka zura ido maki na hawa a hankali zuwa 100, sannan ka kashe su wajen ƙirƙiro hujjar mallakar wani yanki, ko ɓata sunan maƙwabci, ko zuga talakawansa. Yana da amfani, tunda yana gaggauta faɗuwar garin da aka yi wa ƙawanya, amma babu ɗan leƙen asirin da ka sani da suna, balle wanda zai ci amanarka.

Na ji daɗin ganin Katsina a matsayin cibiyar kasuwanci, da kuma damar ɗaukar Kano ko Zazzau, sai dai an kafe alƙiblar kwararar dukiya tun farko, ta yadda ko ka mamaye yankin baki ɗaya ba ka da ikon juya ta zuwa gida.