Lesin ɗin Turanci na yamma a Tudun Wada Gombe, ra'ayina

Masu tambaya ko lesin ɗin nan da ake yi bayan la'asar a Tudun Wada ya ci kuɗinsa, ƙanwata na zuwa kuma ina duba littafinta, gaskiya malamin ya san aikinsa. Abin da ya fi burge ni yadda ya zauna ya warware musu maganar "hail from", don wallahi takardun neman aiki da yawa a garin nan in ka ɗauka sai ka ga an rubuta "I am hailed from Gombe", har da masu digiri fa, alhali kuskure ne. Daidai shi ne "I hail from Gombe", babu am babu ed, kuma garin da mutum ya fito ake nufi. In masarauta ce ko gini ko wata al'ada ake son faɗin tun yaushe take, to wannan aikin "dates back to" ne, sai ya kawo musu misali na gida, "Gombe Emirate dates back to 1804", zamanin Buba Yero kenan, ya kuma ja musu kunne kar su mayar da ita dated tunda masarautar tana nan daram. Matsala kuma in za a faɗi tushenta sai "stems from". Har ya ɗana musu tarko da jihar Gombe da aka cire daga Bauchi a 1996, yaran suka yi caa da hail from, ya ce a'a "was carved out of" ake cewa.

Kuma ba hadda yake sa su ba, kowa sai ya rubuta jimla da garinsu, ɗan Dukku ya rubuta Dukku 'yar Kaltungo ta rubuta Kaltungo, ya bi da jan biro ɗaya bayan ɗaya. Ga mai shirin WAEC ko NECO wannan ne ke ɗaga makin insha'i.

Inda na ga gazawa, ɗakin ya yi ƙanƙanta ga yara maƙil, in aka ɗauke wuta lokacin zafi abin tausayi ne, na baya ko allo ba sa gani sosai. Ɓangaren furuci ma sama-sama yake taɓa shi, mai neman wannan sai ya haɗa da wani wajen. Amma in rubutu ne damuwar yaronku ku kai shi, ku dai ce masa ya riƙa zuwa da wuri ya kama bencin gaba.