Bikin Wurstmarkt da Gonakin Inabi na Pfalz: Abin da Na Gani a Rangadin Yini Ɗaya

A watan Satumba na shekarar 2025 na biya kuɗin rangadin yini ɗaya a hannun wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido, wanda ke kai baƙi gonakin inabi na yankin Pfalz a kudu maso yammacin Jamus, sannan ya sauke su a bikin Wurstmarkt na garin Bad Dürkheim. Ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma na faɗa wa kamfanin haka a rubuce tun lokacin da na yi rajista. Abin da ya ja ni shi ne noman kansa, domin na taɓa shiga gonakin inabi na Kudan a jihar Kaduna, kuma na daɗe ina son ganin yadda mutanen da suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni suke tafiyar da kakarsu.

Rabin farko na yinin shi ne ya biya ni kuɗina har da riba. An kai mu wata gonar iyali a gefen hanyar da ake kira Deutsche Weinstraße, wadda aka buɗe a 1935, mai tsawon kusan kilomita 85 daga Bockenheim a arewa zuwa Schweigen-Rechtenbach a bakin iyakar Faransa. Tsaunukan dajin Pfalz suna tsare yankin daga yamma, suna rage masa ruwan sama da iska mai sanyi, shi ya sa ɓaure da almon suke yi a nan duk da cewa ƙasar sanyi ce, kuma shi ya sa Pfalz ta zama yanki na biyu mafi girma wajen noman inabi a Jamus, bayan Rheinhessen. Jagorarmu ta bayyana wannan muna tsaye a tsakiyar layukan inabi, tana nuna mana tsaunin da hannu, kuma na ji daɗin yadda ta bar mai gonar ya yi yawancin maganar.

Dattijon mai gonar ya tsinko ƙwayar inabi irin Riesling, ya matse ta a kan gilashin wata ƙaramar na'ura mai kama da guntun bututu, ya ba kowa ya leƙa ta fuskar rana. Na'urar tana auna yawan zaƙin da ke cikin ruwan, a ma'aunin da suke kira Oechsle, kuma da wannan lamba ce manomi yake yanke shawarar ranar girbi. Ya ce kwana uku na ruwan sama a ƙarshen kaka suna iya fasa ƙwayoyin su ruɓe a jikin reshe, kuma duk wanda ya taɓa zullumin ruwan ƙarshen damina ya sauka a kan gero da aka riga aka yanke zai gane abin da ke fuskar mutumin nan a lokacin da yake magana. Ya nuna mana motar girbi mai dogayen ƙafafu da ke hawa kan layi tana girgiza rassan, sannan ya nuna gangaren da har yanzu sai da almakashi da bokiti ake tsinkarsa. Da aka zo ɗanɗano, ni an zuba mini ruwan inabi da aka matse aka dafa aka rufe tun kafin ya fara juyewa, wato Traubensaft, kuma ban taɓa shan mai ƙamshinsa ba.

A nan ne zan tsaya in ja hankalin duk wanda ba ya shan giya, domin wannan shi ne abin da kamfanin ya gaza yi mini. A wannan lokaci na shekara ana sayar da wani abin sha mai suna Federweißer, ko Neuer Wein, a bakin hanya da ƙofofin gonaki da rumfunan biki. Kamanninsa na ruwan inabi ne sak, fari-fari mai duhu-duhu, ga zaƙi, kuma ba shi da warin da zai sa mutum ya ja da baya. Amma ya riga ya fara zama giya, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa kullum. Alamarsa ita ce murfin kwalbar ba ya rufuwa ruf, ana barin kafa don iska ta fita, shi ya sa ake ɗaukarsa a tsaye. Wata mataimakiya ta miƙo mini kofinsa da kyakkyawar niyya tana cewa ai ruwan inabi ne sabo, kuma da ban riga na san sunan ba da na sha. Kamfanin da ya karɓi bayanina a rubuce ya kamata ya sanar da duk ma'aikatansa. Haka kuma kwalbar da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar giya, tana iya ɗauke da ragowar giya har zuwa kashi 0.5 cikin 100, saboda haka kalmar da za a nema ita ce Traubensaft, ko Traubensaftschorle idan ana so a sirka da ruwa mai gas.

Da azahar muka isa Bad Dürkheim. Sunan bikin yana nufin kasuwar naman da ake niƙawa a ɗura a hanji, amma an san shi a matsayin bikin giyar inabi mafi girma a duniya, wanda ke tara mutane fiye da 600,000 a ƙarshen mako na biyu da na uku na Satumba. Tarihinsa yana komawa zuwa 1417, lokacin da manoma ke turo abinci da abin sha a baro suna sayar wa masu ziyarar wata ƙaramar majami'a a kan tudun Michelsberg. Daga baron nan ne aka samo sunan rumfuna 36 na gargajiya, Schubkärchler, inda ake zama kafaɗa da kafaɗa a kan dogayen bencina na katako, kana matsa wa wanda ba ka sani ba yana matsa maka. Ana sha da wani tambulan mai cin rabin lita da ake kira Dubbeglas, wanda aka yi wa jikinsa ƙananan ramuka don kada ya sulɓe daga hannu. A bakin filin akwai ƙatuwar ganga ta katako da aka ƙera a 1934, wadda za ta iya ɗaukar lita miliyan 1.7, sai dai gidan abinci ne a cikinta. Ba a biyan kuɗin shiga filin.

Abincin rana da aka haɗa cikin kuɗin rangadin shi ne rauni na biyu. An kawo Saumagen, abincin da tsohon shugaban gwamnati Helmut Kohl ya shahara da ciyar da baƙinsa, wanda naman alade ne da dankali, sai kuma Zwiebelkuchen, wainar albasa da galibi ake barbaɗa wa gutsattsarin naman alade. Babu wanda ya tanadar mini wani abu dabam. Sai da na fita da kuɗina na sayi Dampfnudel, wani dunƙulen fulawa mai laushi da ake turarawa a tukunya har gindinsa ya yi ɓawo mai gishiri, kuma a nan ma dole na tambaya, domin ana zuba masa miya iri biyu, ɗaya ta banila ɗaya ta giya. Jagorar ta ba ni haƙuri da gaske, amma ba a mayar mini da komai ba.

Da rana filin na iyalai ne, ga yara a kan lilo, ga tsofaffi suna hira, ga 'yan kiɗan busa suna zagayawa. Daga magariba kuwa cunkoso da hayaniyar masu sha suna canza yanayin wurin ƙwarai, kuma ban ga abin da zai riƙe irina a can ba bayan wannan lokaci. Na yi sallar la'asar a wata kusurwa mai shiru na lambun garin, kusa da doguwar katangar katako mai tsawon mita 333 wadda ruwan gishiri ke tsiyaya a jikin ƙayoyinta yana sanyaya iska, kuma babu wanda ya dame ni.

Wanda yake son ganin gonar da jin bayanin manomi, rangadin ya cancanci kuɗinsa, da sharaɗin ya sake kiran kamfanin ana gobe tafiya ya tabbatar da maganar abinci da abin sha. Wanda bikin kawai yake son gani ba ya buƙatar kamfani, domin jirgin ƙasa na cikin gari yana tashi daga Mannheim ya ratsa Ludwigshafen ya kai Bad Dürkheim cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma tikitin wata na Deutschlandticket, wanda kuɗinsa ya kai Yuro 58 a 2025, yana aiki a kansa. Ni kuwa idan Allah ya kai mu, a bazara zan koma yankin, lokacin da itatuwan almon na ƙauyen Gimmeldingen suke fitar da fure, in ga yadda ake ɗaure rassan inabi a jikin waya kafin ganye ya fito.