libinput ko synaptics: wanne zai gyara maka tachfad a Linux?

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka. Ka sayi laftof na hannu, ka sauke Windows ka ɗora Debian, wato wani nau'in Linux, mai fuskar tebur ta Xfce, sai tachfad ya fara ba ka ciwon kai ta wuri uku. Kana cikin rubutu sai kibiya ta yi tsalle ta koma wani layi. In ka taɓa da yatsa ba ya dannawa sai ka matsa maɓalli. Wani lokaci kuma in ka rufe murfi ka buɗe sai ka tarar ya mutu murus, sai ka kashe kwamfutar ka kunna. Wani ya ce ka cire libinput ka sa synaptics, wato direbobi biyu masu fassara taɓawar tachfad, wani ya ce kul. Kana so a jera maka su ka ga bambancin.

Ni dai shawarata ka zauna kan libinput. Amma kafin kwatancen, akwai abin da in ba a gane shi ba za a yi ta canza direba a banza. Waɗannan biyun ba su ne ke magana da na'urar kai tsaye ba. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin mai magana da na'urori, shi ne ke gano tachfad, ta tsohuwar hanyar PS/2 ko ta sabuwar hanyar I2C, ya karɓi motsin yatsa ya miƙa sama. A can saman ne libinput ko synaptics ke yanke hukunci: wannan taɓawa dannawa ce, wannan tafin hannu ne a ƙyale shi, waɗannan yatsu biyun gungurawa suke yi. Saboda haka matsalarka ta farko da ta biyu suna cikin hurumin kwatancen nan. Ta uku, wato mutuwa bayan barcin da kwamfuta ke yi in an rufe murfi, galibi aikin kanel ce, kuma ko wanne ka sa daga cikin biyun haka za ta ci gaba.

Synaptics shi ne tsohon. An rubuta shi don X11, tsohon tsarin da ke nuna hoto a allon Linux, tun zamanin da tachfad ƙarami ne mai maɓallai biyu a ƙasa, kuma duk da sunan kamfanin da yake ɗauke da shi, yana aiki da tachfad na kamfanonin Elan da ALPS ma. Yau ba a ƙara masa sabon abu, sai dai a toshe ɓaraka in ta taso. Shi kuwa libinput ya fito ne daga aikin Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X11, sigarsa ta 1.0 ta fito a 2015, kuma Peter Hutterer na Red Hat ne ke riƙe da shi, wanda shi ɗin ne dai ya daɗe yana kula da synaptics. Fedora 22, wani nau'in Linux, ta koma kan libinput a 2015, fuskar tebur ta GNOME 3.20 kuma a 2016 ta daina saita tachfad ta hanyar synaptics. Wanda ya fi kowa sanin cikin tsohon direban shi ya ce a bar shi, wannan ma abin lura ne.

Bambanci na farko shi ne inda kowanne ke aiki. Synaptics a X11 kawai yake da rai. In kana kan Wayland, ko ka girka shi yana nan kwance ba abin da yake yi, kuma mutane da yawa sun ɓata dare suna gyara fayil ɗin da ba mai karanta shi. libinput yana aiki a duka biyun. Rubuta `echo $XDG_SESSION_TYPE` a taminal ka ga inda kake. Kai mai Xfce kusan tabbas x11 za ka gani, don haka zaɓin a buɗe yake gare ka. Mai Ubuntu 22.04 zuwa sama ko Fedora mai GNOME ko Plasma 6 galibi wayland zai gani, shi ba ma wani zaɓi a gabansa. Sannan ka tabbatar da wanda ke aiki yanzu: `xinput list` zai ba ka lambar tachfad, `xinput list-props` da lambar zai jero saitinsa. In layukan sun fara da libinput to shi ne, in da Synaptics suka fara to dama tsohon kake kai.

Sai yawan abin murɗawa, inda synaptics ke da magoya baya har gobe. Rubuta `synclient -l` za ka ga jeri mai tsawo: FingerLow da FingerHigh na ƙarfin taɓawa, MaxTapTime, faɗin gefen da za a yi watsi da shi, gungurawa ta zagaye da yatsa, da sauransu gomomi. libinput da gangan ya rage su: kunna taɓawa ko kashe ta, saurin kibiya daga -1 zuwa 1, salon gungurawa, salon danna dama. Sauran ya yanke maka da kansa. Wasu na jin haushin haka, kuma ina ganin dalilinsu, musamman wanda ya shekara yana daidaita tachfad ɗinsa har ya zama yadda yake so. Sai dai yawan nan yana da tarko. Lambobin synaptics da yawa ana auna su ne da ma'aunin ita na'urar, ba da milimita ba, shi ya sa lambar da ta yi daidai a laftof ɗin wani in ka kwafo ta za ta iya haukata naka. libinput yana mayar da motsi zuwa milimita, don haka halinsa kusan ɗaya ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Maganar tsallen kibiya lokacin rubutu ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A synaptics gano tafin hannu a kashe yake zuwa. Sai ka kunna PalmDetect, ka zauna kana gwada PalmMinWidth da PalmMinZ, sannan ka ɗora wani ƙaramin shiri daban mai suna syndaemon wanda ke kashe tachfad yayin da kake buga kibod. Amfaninsa guda da ba a musu: kai ke zaɓar tsawon lokacin, misali `syndaemon -i 1 -K -R -d` na daƙiƙa ɗaya. A libinput duk wannan a ciki yake kuma a kunne. Yana duba ƙarfin taɓawa, da girmanta, da ko daga gefen tachfad ta faro, kuma yana toshe taɓawa na kimanin rabin daƙiƙa bayan bugun harafi. Ga mai saurin rubutu wannan ya isa. Ga mai tsayawa yana tunani tafinsa a kan tachfad, wani lokaci bai isa ba. In naka haka yake, girka kunshin libinput-tools ka gudanar da `sudo libinput measure touchpad-pressure`. Zai nuna maka lambar da yatsarka ke bayarwa da wadda tafinka ke bayarwa, sai ka rubuta iyakar a fayil ɗin /etc/libinput/local-overrides.quirks. Aiki ne na zama, amma da aunawa ake yinsa, ba da cinke ba.

Amma tun kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, cire caja ka gwada rubutu a kan batir kaɗai. Tachfad yana aiki ne da auna ɗan canjin lantarki tsakanin yatsa da fuskarsa, kuma caja mara kyau, ko soket mara wayar ƙasa, ko wutar ƙaramin janareta da inbata mai arha, duk suna iya sa kibiya rawa da tsalle ko ba ka taɓa ba. Laftof na hannu kuwa sau da yawa ba da cajarsa ta asali yake zuwa ba. In ka cire caja tsallen ya tsaya, to ba libinput ba ne, ba synaptics ba ne, caja za ka canza. Ka kuma kalli tachfad ɗin daga gefe. In ya ɗan ɗago sama ko maɓallinsa ya yi tauri, batir ne ya kumbura a ƙarƙashinsa, wannan kuma sai a kai wa mai gyara a cire shi da wuri.

Taɓawar da ba ta dannawa ita ce mafi sauƙi. libinput yana zuwa da ita a kashe, ba lalacewa ba ce. Ka kunna ta a saitin linzami da tachfad na Xfce. In kana so ta yi aiki har a allon shiga, ƙirƙiri /etc/X11/xorg.conf.d/30-touchpad.conf ka sa wannan:

```
Section "InputClass"
    Identifier "tachfad"
    MatchIsTouchpad "on"
    Driver "libinput"
    Option "Tapping" "on"
EndSection
```

A synaptics `synclient TapButton1=1` ne, amma yana gogewa da zarar ka fita, sai shi ma ka rubuta shi a fayil.

A gungurawa synaptics yana da abu ɗaya da mutane ke kewa: ka ja yatsu ka saki, shafi ya ci gaba da tafiya da kansa a kowace manhaja. libinput ya bar wa manhajoji wannan, don haka wata tana yi wata ba ta yi. Dalilinsa kuwa shi ne direba bai san abin da ke kan allo ba, shi ya sa a synaptics in shafi na cikin tafiya ka danna Ctrl sai burauza ta ɗauka zuƙowa kake so. A ɗaya ɓangaren, shafa da yatsu uku ko huɗu da matse yatsu biyu na libinput ne kaɗai, irin wanda GNOME 40 ta kawo a 2021 don sauya tebur.

Yanzu mutuwa bayan barci. In ta sake faruwa kada ka kashe kwamfutar. Buɗe taminal da kibod ka duba `cat /proc/bus/input/devices` da `sudo dmesg | grep -i -e psmouse -e i2c_hid -e elan`. In sunan tachfad ɗin yana ɗauke da PS/2, gwada `sudo modprobe -r psmouse` sannan `sudo modprobe psmouse`. In na I2C ne, yi haka da i2c_hid_acpi. In ya farfaɗo, ka gano mai laifi, kuma kana iya ajiye layukan biyu a ƙaramin fayil cikin /usr/lib/systemd/system-sleep/ su riƙa gudana duk lokacin da ya farka. Wani lokaci dmesg da kansa zai ba ka shawarar gwada `psmouse.synaptics_intertouch=1`, wanda ke mayar da tachfad ɗin kamfanin Synaptics kan hanya mafi sauri. Gwada shi sau ɗaya tukuna: danna e a allon GRUB, wanda ke fitowa da zarar ka kunna kwamfuta, ƙara shi a ƙarshen layin da ya fara da linux. Sai ka ga ya yi amfani za ka rubuta shi a /etc/default/grub ka bi da `sudo update-grub`. Ka guji `psmouse.proto=imps` da ake yawan yaɗawa. Yana sa tachfad ya motsa, amma a matsayin linzami zalla, ka rasa yatsu biyu da gano tafin hannu gaba ɗaya. Kuma sau da yawa maganin gaskiya sabon kanel ne: Debian 12 tana kan 6.1, Debian 13 kan 6.12, ga kuma backports, rumbun Debian na sababbin kunshi, a tsakani. Ka leƙa BIOS ma, wato saitin kwamfutar kanta kafin Linux ya tashi, wasu kamar na Acer suna da zaɓin Basic da Advanced na tachfad, wanda shi ne zaɓi tsakanin PS/2 da I2C.

Wanda zan ce ya sa synaptics shi ne mai tsohuwar kwamfuta da zai daɗe a X11, kuma ya san takamaiman abin da yake nema, kamar gungurawa ta zagaye ko toshewar daƙiƙa biyu bayan rubutu. In kana so ka gwada da kanka, `sudo apt install xserver-xorg-input-synaptics` ya wadatar. Fayil ɗinsa 70-synaptics.conf ne, na libinput kuma 40-libinput.conf, mai babbar lamba shi ke rinjaye, sai dai ka fara kawar da fayil ɗin 30-touchpad.conf ɗin can na /etc in ka riga ka ƙirƙira shi. In bai yi maka ba ka cire shi ka fita ka sake shiga, ka koma inda kake. Abin da wancan ɗan'uwan ya ce na cire libinput ne kada ka yi. Synaptics tachfad kaɗai ya sani, kibod ɗinka da linzamin USB duk ta libinput suke bi, kuma in ka cire shi kana iya tarar da allon shiga babu abin da za ka rubuta kalmar sirri da shi.