Kamara a ƙugu maimakon a wuya: yadda na same ta a aikin hoto a Maraɗi

Duk mai hoton da ya daɗe a sana'ar nan ya san ciwon da nake nufi. Ba ya zuwa kana tsakar aiki. Sai ka koma gida bayan isha'i, ka sauke kaya, ka ce bari ka waiga ka amsa sallamar wani, sai wuya ya ƙi juyawa. Daga ƙeya yake saukowa har tsakanin kafaɗu. Kamarata Canon 5D Mark III ce, ta hannu na saye ta, nauyinta da batir wajen giram 950. In na ɗaura mata dogon objektif ɗin nan (wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kamara) 70-200 mai f/2.8, wanda shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, an tasar wa kilo biyu da rabi ke nan, ban ma sa filash a lissafi ba. Duk wannan yana rataye a igiya mai faɗin yatsa biyu, tun ɗaurin aure da safe har a kai amarya. Da zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da ake haura digiri 40, igiyar takan sha zufa ta yi ta gurzar fata har ƙuraje su feso.

Shi ya sa na koma ɗaukar kamara a ɗamarar ƙugu. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ba ka taɓa ganin uwa ta rataya ɗanta a wuya ba, goya shi take ta tamke da majanyi, nauyin ya zauna a ƙugu, ta yi daka ta ɗebo ruwa yana baya. Ƙashin ƙugu kai tsaye yake miƙa nauyi ga ƙafafu. Wuya kuwa ƴan ƙasusuwa bakwai ne a jere, kan da suke ɗauke da shi ma ya ishe su, ga kuma abu rataye a gaba yana rinjayar su ƙasa, naman ƙeya ya wuni yana ja da baya.

Iri biyu ne suka fi suna a wajen masu hoto. Akwai na kamfanin Spider Holster na Amurka: ɗamara ce mai faɗi da kuben ƙarfe a gefe, sai wani ɗan faranti da ake ɗaure wa kamara a gindi, yana da ƙusa mai dunƙulallen kai. Kan ƙusar kake zurawa cikin bakin kuben ta sama, ya silale ƙasa ya zauna, kamara ta kife, objektif ya kwanta a jikin cinya yana kallon baya. Da yake kan ƙusar a dunƙule yake, kamarar tana ɗan juyawa tana bin motsinka. Sai kuma Capture na Peak Design, wanda ya fito a 2011 da kuɗin da jama'a suka tara ta shafin intanet na Kickstarter. Shi maƙalli ne kawai, ba ya zuwa da ɗamara, a bel ɗinka ko a igiyar jakar goyo kake damƙa shi, kuma kamara ƙam take tsayawa a cikinsa ba ta lilo. Dukansu da ramin nan na gindin kamara suke aiki, wanda ake ɗaura ta da shi a kan mai ƙafa uku. Zaren ramin iri ɗaya ne kusan a kowace kamara, rubu'in inci, don haka mai Nikon da mai Sony da mai Canon duk zai shiga musu.

Nawa ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Kwaikwayon irin na farkon ne, babu suna a jikinsa, wani mai sayar da kayan hoto ya taho mini da shi daga Kano. Kuɗinsa bai kai abin da nake karɓa a biki guda ba. Saboda haka duk aibin da za ku ji na faɗa, na wannan da ke hannuna ne.

A filin kokowa na fi jin daɗinsa, filin nan namu mai sunan Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin farko na gasar ƙasa a Tawa a 1975. Aikin kokowa jira ne. Makaɗa na yi, ƴan kokowa na ta kirari da zagaya da watsa ƙasa, kai kana tsaye cikin rana, sannan karawar da ka jira ta ƙare kafin ka ƙifta ido. Da, wannan dogon jira duk a wuyana yake ƙarewa. Yanzu kamara na ƙugu, hannuwana biyu a sake, in sha ruwa, in dafa in hau benci, in rubuta sunan wanda ya ce a cire masa kati. Kuben yana da ɗan harshe mai matsayi biyu. In ka sauke shi, kamara ba ta fita sai ka ɗaga shi da yatsa. In ka tura shi sama ya tsaya a buɗe, ɗagowa ɗaya ne ta zo ido. Da na ga alƙali ya kira su tsakiyar fili sai in buɗe, in an tashi cunkoson fita in kulle. Haka ma a hawan sallah a ƙofar fada, inda za ka ruga ka sha gaban dawaki: kamarar da ke wuya dukan ƙirji take in kana gudu, dole ka riƙe ta da hannu guda, ta ƙugu kuwa tana lafe. Ciwon wuyan nan dai, gaskiya, ya tafi. In na wuni da dogon objektif nakan ji gajiya a kwankwason dama, amma gajiya ce da barci ke maganinta.

To amma wanda ya ƙera abin nan, mutum mai wando da bel da riga ƴar shara cusa cikin wando ya hango. Bai hango mu ba. Mu kaftani muke sawa har gwiwa ko ƙasa da haka, wandonmu kuma zariya ce ke riƙe da shi. Ba ka zuwa ɗaurin auren ƴar wani babban Alhaji a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo da ƴar shara kamar mai zuwa ƙwallo, in kana so a sake kiranka. Hanya biyu ce ta rage maka, kuma kowace da matsalarta.

In ka ɗaura ɗamarar a ƙarƙashin riga, sai ka tattare gefen rigar duk lokacin da za ka ciro ko ka mayar, saurin da ka saye abin dominsa ya tafi ke nan. Banda haka, wani tudu yake yi a ƙugu wanda bai dace da zamanin da muke ciki ba. Kowa ya san rashin tsaron da ake fama da shi a wajajen Madarumfa da Gidan Rumji, idon masu tsaro a buɗe yake. A ƙofar wani taro wani jami'i ya tare ni cikin ladabi ya ce, "Malam, ɗan tsaya. Mene ne wannan a ƙugunka?" Na ɗaga riga ya ga kuben ba komai ciki, kamara na hannuna, muka yi dariya ya ce, "Allah ya ba da sa'a, amma ka riƙa sa shi a fili." Gaskiya ya faɗa.

In kuma ka ɗaura a kan riga, aiki ya yi daidai, sai dai ado ya lalace. Shadda mai sitati da ka biya aka buga ta tattare ta yi ƙunci a ciki, gefen ƙarfen kuma yana cin zare a hankali. Wata tsohuwa a gidan biki ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗan nan, hoto ka zo ɗauka ko farauta?" Abin da na yi daga baya shi ne na kai wa tela yadi mai kauri mai duhu, na ce ya ɗinka mini kaftani biyu na aiki, tsagar gefen dama ta hau har saman ƙugu. Ɗamara na ciki, kuben ya leƙo ta tsagar, kamara na waje kowa na ganinta, gaban riga kuma ya sauka sumul. Tela ya yi ta mita cewa na ɓata masa yanka, amma wannan ce kaɗai dabarar da ta haɗa mini mutunci da sauri. Mai babbar riga dai ya haƙura, ba a yi abin nan dominsa ba. Kada kuma wani ya yi tunanin maƙala kube ko maƙalli a zariyar wando ko a siririn bel na kasuwa. Kilo biyu a gefe guda zai karkatar da wandon, ƙila ma ya sauke shi a bainar jama'a.

Sai maganar durƙuso. Mu mutanen ƙasa ne: a tabarma muke zama wajen suna, mu tsuguna mu gai da manya, mu tsuguna mu yi alwala. Da gajeren objektif babu laifi. Da dogon kuwa, kana tsugunawa bakinsa ya daki ƙasa, ko ya kwashi yashi. A fada, inda ba ka gaisuwa a tsaye, sai na ciro kamarar na riƙe a hannu kafin in faɗi gaisuwa. Wajen salla kuma ba a iya sujada da zaman tahiya da shi, sai a kwance ɗamarar gaba ɗaya a ajiye a gaba. Wannan bai dame ni ba, maɓalli ɗaya ne. Amma aikin da rabinsa zaman tabarma ne, kamar walimar sauka, nakan bar ɗamarar a gida in ɗauki jaka.

Abin da ke ƙugu ya fi kusa da ƙura, wannan ba sai an faɗa ba, musamman da hunturu ko a bayan dawaki. Murfi a bakin objektif kullum, da ɗan burushi a aljihu. Ya fi kusa da yara kuma. Tsayin kamarar daidai kan yaro ɗan shekara biyar ne, kuma a gidan biki yara ba sa ƙarewa. Wani zai dangwala yatsa mai maiƙo a gilashi, wani zai juya maka wani abu ba ka sani ba sai ka ga hoto ya yi duhu, wani kuma da gudu zai zo ya gwara goshi da ƙarfen. Na saba yanzu in na shiga cikin yara sai in ɗora tafin hannu a kanta.

Ta fuskar ɓarayi, kuben a kulle ya fi igiya, don igiya reza ɗaya ce, shi kuwa sai wanda ya san inda harshen yake. Raunin nawa a maɓallin ɗamarar yake. Na roba ne irin na jakar ƴan makaranta, wanda ana matsa gefensa biyu ya saki, kuma in ya saki komai ne zai zube. Na kai wa wani dattijon baduku a kasuwa, ya jujjuya shi ya ce, "Yaro, wannan ai ko akuya bai riƙe ba." Ya ɗinka masa marufin fata mai maɓallin ƙarfe a kai, ya ƙara bin ɗinkin wajen kuben da zaren takalmi. Kuɗin goro ya karɓa. Wajen daidaita faɗin ɗamarar kuma abin mannewa ne irin na takalman yara, wanda da na je ɗaukar wani aiki a gona bayan Tibiri ƙarangiya ta cika shi fal, na zauna da allura ina tsincewa.

Notin da ke riƙe farantin a gindin kamara shi ne ran abin duka, kuma yana sassautawa da tafiya, tunda kowane taku ɗan murɗa shi yake. Nawa yana da tsaga a kai, ƴar dala goma tana shiga daidai, don haka kullum akwai ɗaya a aljihun gabana, in ƙara ɗaure shi kafin in fita da kuma bayan azahar. In objektif ɗin babba ne mai zoben kansa, a ƙafar zoben ake ɗaura farantin, ba a jikin kamara ba, don kada nauyin ya riƙa jan bakin da suke haɗuwa. Wani abin da mutane ke mantawa: ranar da ka cire igiyar wuya, babu sauran abin da zai tare kamara in ta suɓuce daga hannu mai zufa. Sai an sa mata ƴar igiyar hannu. Wajen mayarwa kuma kada a saki sai an ji ƙarar zamanta a kube, an ɗan ja sama an tabbatar.

A kan moto ba na yarda da shi ko kaɗan. Kamara ta fito gefe fiye da gwiwa, ga ƴan kabu-kabu da adaidaita da amalanke suna gogar juna a bakin babbar kasuwa. Jaka take shiga sai na isa.

Wadda ta fi ni cin moriyarsa wata ƙanwarmu ce a sana'a, mai ɗaukar taron mata a cikin gida inda mu ba ma shiga. Ta ara ta gwada a wani kamu. Ita matsalarta da igiya ba nauyi ba ne, don kamararta ƙarama ce. Igiyar ce ke naɗe mata hijabi tana janye shi baya duk lokacin da ta ɗaga za ta ɗauka. Da ta ɗaura ɗamarar a kan zani, hijabin ya sauko ya rufe, ta zura hannu ta ƙasa ta ciro ta mayar ba wanda ya lura, kuma cikin mata babu mai tare ta a ƙofa. Ƙorafinta guda ne, kuma ya kamata mai ƙaramar kamara ya duba shi tun a gaban mai sayarwa: farantin ya yi wa gindin kamararta faɗi, ya danne murfin batir, sai ta kwance noti duk lokacin da za ta sake batir. Ta ce, "Yaya, in mutuminka zai koma Kano, ka ce ya nemo mini mai ƙaramin faranti." Na ce ta ba shi kamarar ya tafi da ita ya gwada a can, ta ce wannan kuma sai dai ya auna da zare.