Wasannin Spiderweb: da wanne ya kamata ka fara?

Jama'a in kuna neman gem mai hoto kamar fim to ku wuce kawai, nan ba wajenku ba ne. Wasannin Spiderweb Software hotonsu kamar na zamanin da muke yara, 'yan mutane ƙanana ana kallonsu daga sama, ga rubutu jibgi guda da Turanci, faɗan kuma bi da bi ne, ka yi naka motsin abokin gaba ya yi nasa kamar dara. Amma tsohuwar laftof ɗin nan taka da fanka ke kuka za ta ɗauke su ba gardama, kuma ba sa cin data, kowanne bai kai giga ɗaya ba.

Kamfanin na wani mutum ne Jeff Vogel, ya kafa shi a 1994, suna zaune a Seattle ta Amurka, kusan shi da matarsa ne ke riƙe da komai. Yana karatun digiri na gaba a fannin lissafi ya rubuta wasansa na farko, Exile: Escape from the Pit, ya fito a 1995, daga nan ya bar karatun ya rungumi wannan sana'a har yau. Abin da ke rikita mai saye shi ne mutumin yana yawan sake gina tsofaffin wasanninsa, sai ka ga suna ɗaya sau biyu a Steam ko GOG, wato shagunan intanet da ake sayen gem, ka rasa wanne ne wanne.

Avernum shi ne Exile da aka sake wa riga a shekarar 2000, aka kuma sake masa wata rigar daga 2011. To wannan na ƙarshen za ka nema, Avernum: Escape from the Pit, sai Crystal Souls na 2015, sai Ruined World na 2018. Labarin, daula ce ta jefa ku ku huɗu cikin wani ƙaton kogo a ƙarƙashin ƙasa inda take zubar da duk wanda ba ta so, can mutane suka gina garuruwa suna noman laimar kwaɗi suna ci. Babu mai ja maka hanci, ka ga dama ka nemi hanyar fita, ka ga dama ka je ka kashe sarki Hawthorne da ya jefo ku, ko ka yi duka. Har da wani kogon gizo-gizo masu magana masu son mutane, ranar da na fara shiga na riga na zare takobi ashe gaisuwa suka zo yi. Matsalarsa tsawo, in kai mai aiki ne sai ka yi wata biyu kana kai.

Geneforge kuwa nan ne ni dai zuciyata take. Na farko ya fito a 2001, guda biyar ne, na ƙarshe a 2008, sannan aka sake gina na ɗaya a 2021 da sunan Mutagen, na biyu a 2024 da sunan Infestation. Kai almajirin wasu matsafa ne da ake kira Shapers masu ƙera halittu da sihiri, jirginka ya nutse ka faɗa tsibirin Sucia da aka haramta shiga. Ba ka ɗaukar abokan tafiya, ƙera su kake yi, na farko wani ɗan ƙadangare ne mai tofa wuta sunansa fyora, kuma kowace halitta tana riƙe wani kaso na ƙarfin sihirinka, don haka kullum kana lissafi, ƙanana uku ko babba ɗaya. Abin da ya fi kama ni shi ne bayin da matsafan suka ƙera suka tafi suka bari a tsibirin, sun rabu gida uku, wasu na jiran iyayen gidansu su dawo su ci gaba da bauta, wasu na son a zauna a matsayin daidai wa daida, wasu kuma sun ce sai jini. Kowane ɓangare in ka zauna ka saurare shi sai ka ji yana da hujja, kuma wanda ka bi shi ke canza ƙarshen labarin. Kar ka sayi na 2001 sai in kana da haƙurin raƙumi, Mutagen ya fi sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

Avadon guda uku ne, 2011, 2013 da 2016. Kai ma'aikacin wani shugaba ne mai suna Redbeard, ana ba ka aiki ka je ka dawo, abokan tafiyarka suna da nasu labarin. Ya fi sauƙi ga sabon shiga amma hanyar a miƙe take, ni ya ɗan gundure ni.

Queen's Wish na 2019 shi ne ya raba kan magoya baya. Kai ɗan sarauniya ne aka tura ka ka dawo da ƙasashen da suka ɓalle, kana gina sansanoni da shaguna, kashe dodanni barkatai ba ya ƙara maka matsayi sai ka kammala aikin, kuma in ka gudu daga kogo ba ka gama ba to dodannin za su dawo. Wasu sun so hakan, ni dai ba zan ba wanda bai taɓa buga wasan kamfanin ba shi a farko ba. Akwai kuma Nethergate, Rumawa da Seltawa, wato 'yan ƙasar da Rumawa suka tarar a tsohuwar Birtaniya, kana iya buga labarin ta kowane ɓangare.

Maganar kuɗi, sababbin suna kaiwa wajen dala 20, da canjin yanzu ba ƙaramin abu ba ne, amma ana yawan yi musu ragi sosai, ka jira. Kafin nan ka sauke na gwaji, kyauta ne kuma yana da tsawo, sai ka yi awanni ba ka kai inda za a ce ka biya ba. Galibinsu na Windows da Mac ne, wasu akwai a iPad, masu wayar Android kar ku sa rai. In ka gwada Mutagen ka ga kana tsallake rubutun kana neman faɗa, ka riƙe kuɗinka, sauran ma haka suke.