Kamun ranar Juma'a: belin 'yan sanda ko belin kotu?

Idan aka kama ɗan'uwanka da yammacin Juma'a a Najeriya, ƙofa ɗaya ce a buɗe kafin Litinin: ofishin 'yan sanda. Caji ofis ba ya rufewa, kuma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba jami'in da ke kula da shi ikon sakin wanda ake zargi bisa beli, muddin laifin ba na hukuncin kisa ba ne. Mai tsaya masa ya kawo takardar shaida da adireshi, ya sa hannu cewa zai dawo da shi. Mace ma tana iya tsayawa. Beli a nan kyauta ne, haka aka rubuta a bango, ko da yake ba a rasa mai neman "na takarda". Cikas ɗin da aka fi sani shi ne a ce mai binciken ko DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, ba ya nan.

Kotu kuwa ba ta zama Asabar da Lahadi. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a gurfanar da mutum cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, amma a aikace sai Litinin. Ko alƙali ya ba da beli, sai an tantance masu tsayawa, a kai takardar saki gidan gyaran hali, abin da kan ci kwanaki.

Ni dai, in ƙaramin laifi ne, a nemi lauya a tsaya kan belin 'yan sanda tun daren Juma'a.